Ni da gemuna ina kallon katun da yara, laifi ne?

Baban Ummi, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun daren Juma'a, na ga gara in kawo ta nan tunda akwai manya, akwai malamai. Ni tela ne a unguwar Yelwa, shekaruna 43, 'ya'yana biyar. Bayan isha'i na dawo daga shago na tarar da yara sun kewaye talabijin suna kallon fim ɗin zakin nan na zane, Le Roi Lion. Na zauna bakin tabarma da niyyar in ci tuwo in tashi. Ban tashi ba. Da aka zo inda uban zakin ya faɗo daga kan dutse cikin garken dabbobi, ɗan ya zo yana ture shi da kai wai ya tashi su tafi gida, sannan ƙanin uban ya zo ya cusa wa yaron cewa shi ne sanadi, wallahi sai hawaye.

Ga dalili. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara 12. Ranar da zai cika an aike ni sayen magani, na tsaya kallon ƙwallo a hanya, ko da na dawo an rufe shi da zane. Shekara 31 ke nan ban taɓa gaya wa kowa cewa ina ganin laifina ba ne. Na san ajali ne. Amma abin da kai ya sani daban, abin da zuciya ta riƙe daban.

Ana cikin haka Yayana ya yi sallama. Bai ce komai gaban yara ba, sai da na raka shi ƙofar gida ya ce, kai da gemunka kana kuka kan zanen yara, gobe da wane ido za ka tsawata musu? Shi ya riƙe mu bayan Baba, ba na musu da shi. Amma gaskiya ina jin daɗin waɗannan fina-finan, ba ranar na fara ba. Shin zubar da girma ne?

Alhaji Ɗanjuma, Marwa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Amma Yayanka ya gaya maka gaskiya. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Maigida in ya saba zama tabarma ɗaya da yara ana ƙyalƙyala dariya kan ɓera da kyanwa, kwarjininsa zai tafi. Mu iyayenmu in suka yi gyaran murya daga zaure, gida kan yi tsit. Abin yara a bar wa yara.

Maman Sadik, Ngaundare: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina da 'yar tambaya. Lokacin da silima ke aiki a Marwa da Garwa, su wa ke cika ta? Ba magidanta ba ne ke bin layi su kalli Indiya da Canis, mutum ɗaya ya doke arba'in, a fito ana tafi? Ba wanda ya ce sun zubar da girma. To don wannan an zana shi da hannu sai ya zama abin kunya? Ni dai mijina direba ne, yana bin hanyar Ngaundare zuwa Kusiri, wani lokaci mako biyu ba mu gan shi ba. Ranar da ya dawo, zaman kallon nan ne kawai ke sa ƙaramin ya yarda ya hau cinyarsa. In ba haka ba yaron ɓuya yake yi bayana kamar baƙo ya zo.

Alhaji Ɗanjuma, Marwa: 'Yata, silima a waje take, ba gaban 'ya'yanmu muke shiga ba. Nan bambancin yake.

Hafsatu, ɗaliba a Jami'ar Marwa: Baba Alhaji, a yi mini afuwa in sa baki. Masu yin waɗannan fina-finan ba yara ba ne, kuma sun san yaro ba ya kai kansa silima, babba ne ke biyan kuɗi ya zauna kusa da shi. Shi ya sa suke ɗinka labarin da bene biyu. Yaro ya ɗauki dariya da waƙa, babba ya ɗauki abin da ke ƙasa. Fim ɗin da Kawu ya gani ya fito ne a 1994, sunayen ciki ma na Suwahili ne, Simba zaki, Rafiki aboki. Yaro ɗan shekara shida zaki yake gani. Wanda ya binne uba, maraici yake gani da cin amanar zumunci da rikicin gadon sarauta, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar nan tamu ta lamidai.

Ni wanda ya fi kama ni shi ne Kirikou. Ya fito a 1998, Bafaranshe ne ya yi shi, Michel Ocelot, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gine, kiɗan kuma na Youssou N'Dour ne. Ina ƙarama tsoron Karaba, matsafiyar da ke cikin fim ɗin, kawai nake ji. Sai bara na sake kallo na gane cewa duk fim ɗin tambaya ɗaya ce yaron ke yi, wadda manyan garin ba su taɓa yi ba: me ya sa ta zama muguwa? Amsar ita ce maza ne suka danne ta suka kafa mata ƙaya a gadon baya, inda hannunta ba ya kai. Duk macen da ta girma ta san abin da ake nufi. Na kashe waya na yi shiru na daɗe.

Malam Isiyaku, Garwa: Hafsatu, wancan fim ɗin na san shi, kuma ba na sa wa iyalina, don an zana matan ba riga. Ko me mai shi ke nufi, ni ban ga uzurin in ajiye shi gaban samarina ba.

Hafsatu: Haka ne Malam, wannan gyara ne mai kyau, ya kamata in faɗa tun farko.

Abakar, Njamena: Salam daga tsallaken Nguweli. Mu nan da Larabci muka sha namu. Gidan maƙwabcinmu ne kawai ke da farantin kama tashoshi da injin wuta, in an tada shi yaran layi duka sai mu taru muna kallon tashar Spacetoon. Kaftin Majid, wanda ku a Kamaru kuke kira Olive et Tom, ai abu ɗaya ne, na Japan ne, kowa ya sa masa sunan da ya dace da kunnensa. Larabcin kasuwa muna ji tun a goye, amma fusaha ta littafi a bakin waɗannan zanen na fara kama ta, kafin in je gaban malami. Yanzu shekaruna 34, ina sayar da kayan gyaran babur, kuma in na ji waƙar buɗe shirin daga wayar wani, sai in ji ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa a tsakar gidan nan. Da aka sake buɗe silimar Normandie a 2011 na ga magidanta riƙe da hannun 'ya'yansu suna shiga, ban ga wanda ya sunkuyar da kai ba.

Madam Zainabu, Ngaundare: Ni malamar lise ce, wato sakandare, shekara 16 ina riƙe alli, bari in kawo ɓangaren da ba a taɓo ba. Abin da Baban Ummi ya yi bai dame ni ba ko kaɗan. Fim ne na awa ɗaya da rabi, a falo, uba na nan, ya ƙare kowa ya kwanta. Wanda ke hana ni barci shi ne yaro ɗan aji huɗu na sakandare da ke ƙarƙashin bargo da waya har ƙarfe uku na dare. Ku ɗauki One Piece kaɗai. An fara nuna shi a 1999, ya wuce kashi 1000, kowane kashi wajen minti 24. Ku lissafa, awa 400 ke nan da ɗoriya. Yaron da zai rubuta jarrabawar BEPC ko ta Probatwar a ƙarshen shekara, daga ina zai ciro awa 400 in ba daga barcinsa da karatunsa ba? Ƙarfe bakwai da rabi sai ka gan su idanu jawur, kai a kan tebur.

Na biyu, kuma wannan ina roƙon iyaye su ji: ba duk abin da aka zana ba ne na yara. Uwa ta leƙa ta ga zane sai ta ce ai katun ne, ta koma madafa. Alhali akwai masu sare kai, akwai na batsa tsagwaronta. Akwai kuma masu kyau ƙwarai amma sun fi ƙarfin zuciyar ƙaramin yaro. Le Tombeau des lucioles, na Japan, 1988, labarin yaro ne da ƙanwarsa a birnin Kobe a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, yunwa na cin su a hankali. Na kalle shi ina da 'ya'ya uku, kwana biyu ina tuna yaran da muka ga sun gudo daga bakin iyaka a shekarun tashin hankalin nan. Ba zan sa wa ɗan shekara bakwai shi ba. To ta yaya uba zai bambance wannan da wancan in ya ɗauki kallon a matsayin abin da ya fi ƙarfin girmansa?

Nura, Kusiri: Ina gaida iyayena. Ni ne ƙarami a nan ina ji, shekaruna 17. Madam gaskiya ta faɗa, a kaina ya faru, na maimaita aji saboda Naruto, kuma har yau in na tuna kuɗin makarantar da Babana ya sake biya raina na ɓaci. Yanzu sai Asabar da Lahadi nake kallo. Da yamma ina taya wana zama a rumfar cajin waya da tura fina-finai. Abin da nake gani shi ne manya da yawa suna zuwa su ce a sa musu na yara, su rage murya kamar suna sayen abin da bai halatta ba. Bayan kwana biyu mutum ya dawo yana tambaya ta ko akwai ci gaban, ya ba ni labarin tiryan-tiryan. Ni abin tausayi yake ba ni, don ba su yi laifin komai ba.

Mu ma samari ba mu tsira ba. Abokaina in sun ga ina kallon na Disney sai su ce na zama jariri, wai namiji sai na faɗa. Ni kuwa zane nake koyo. Fim na cin hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, masu zane da yawa suna yin 12 su maimaita kowanne. Na gwada a bayan littafin lissafi, kwana uku na yi kafin mutum ya ɗaga hannu ya sauke. Tun ranar ban ƙara raina wannan aikin ba.

Alhaji Ɗanjuma, Marwa: To kun ji da bakinsa. Shekara guda ta tafi. Shi ne abin da nake gudu.

Madam Zainabu: Alhaji, shekarar ta tafi ne a ɗaki shi kaɗai, ba a tabarmar mahaifinsa ba.

Malam Isiyaku, Garwa: Bari in faɗi abin da na sani, Allah ne mafi sani. Maganar zanen abu mai rai malamai sun yi saɓani a kanta, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a abin da ya shafi yara da koyarwa, suna kafa hujja da 'yan tsanan da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, take wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kuma ya tabbata cewa ya tsaya ya kare ta tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci, har sai da ta gaji don kanta. Don haka zama da iyali a kan nishaɗi mai tsabta ba ya rage mutum. Ni sharuɗɗana a gidana: kada ya ci salla, kada a ga tsiraici, kuma in an zo kan aƙida a tsayar a yi bayani. Misali akwai wani mai suna Coco, na 2017, a kan bikin matattu na mutanen Meziko. Yana koya girmama kakanni, amma abin da yake nunawa game da lahira ba namu ba ne. Yaro shi kaɗai zai haɗiye duka. In kana wurin sai ka tsince masa tsakuwa daga shinkafa. Akwai kuma wanda aka yi a Dubai a kan Sayyidina Bilal, mutane na yaba shi, amma ni zuciyata ba ta natsu da zana sahabi ba.

Sai kai Baban Ummi. Hawaye ba aibi ba ne. Fiyayyen halitta ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kuma ajali in ya zo ba a jinkirta shi ko da sa'a guda, ko ka tsaya kallon ƙwallo ko ka yi gudu. Ka sauke wannan kayan, ka yawaita yi masa addu'a da sadaka. Ina kuma ba ka shawara ka gaya wa Yayanka dalilin kukan, don shi zanen ya gani, bai ga abin da ke bayansa ba.

Baban Ummi: Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Zan gwada, ko da yake bakina na yin nauyi a gabansa.

Maman Sadik: Jama'a, surukata Goggo Ladi na kusa da ni, na karanta mata duk abin da aka rubuta, ta ce lallai in rubuta nata. Ga shi yadda ta faɗa:

Ku gaya wa Alhaji ina gaishe shi. Ni na haura saba'in. A gidanmu in an ci tuwon dare kakarmu kan ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta. Wa ya ce yara kaɗai ke ji? Matan gida na kaɗi suna ji. Babanmu na kan buzunsa a ƙofar turaka, ya juya baya kamar ba ruwansa, amma ranar da kaka ta manta abin da Gizo ya ce wa Ƙoƙi, daga can ya ɗaga murya ya gyara mata. Kuma ba wanda ya raina shi, mutum ne da in ya shigo kaza ma kan natsu. Dokar da muka sani guda ce, ba a tatsuniya da rana. Ana tsorata mu da abubuwa iri-iri, amma da na girma na gane don kada a bar surfe da ɗiban ruwa ne a zauna hira. Ba a taɓa ce mana wane ya yi girma da jin tatsuniya ba. Lokaci aka yanka mata. Yanzu ga akwati ya karɓe aikin kaka, ba ya gajiya, ba ya cewa ƙurunƙus ku je ku kwanta. Abin da ke ba ni haushi kuma, duk da Faransanci yake yi, ina zaune da jikokina suna dariya ni ina kallon bakinsu.

Madam Zainabu: Goggo ta gama magana. Ba a tatsuniya da rana. Wallahi gobe sai na rubuta wannan a allo.

Hafsatu: Goggo, Allah ya ƙara lafiya. Maganarki ta ƙarshe ita ke ci mini tuwo a ƙwarya. A nan Kamaru an yi dogon fim na zane a 2017, Minga et la cuillère cassée, na Claye Edou. Marainiya ce kishiyar uwa ta kore ta daga gida saboda ta karya cokali wajen wanke-wanke a rafi. Da na gani sai na ce ai wannan 'yar'uwar tatsuniyar Ruwan Bagaja ce, marainiya da kishiyar uwa da doguwar tafiya. Mutanen kudu sun ɗauki tasu sun zana. Mu muna da Gizo, muna da Dodo, muna da Botorami, ga masu jin Hausa daga nan har Sudan da Gana, amma yaranmu sun fi sanin sunayen jaruman Japan. Fina-finan Indiya an iya juya su zuwa Hausa har tsofaffi na bin labarin, a kowace rumfa akwai su. Na zane kuwa ɗan abin da nake samu da Hausa gajeru ne, ba su kai a tara gida a kansu ba.

Abakar, Njamena: Kuɗi ne 'yar'uwa. Wa zai zauna wata shida yana zane alhali ranar da ya fito za a tura shi waya zuwa waya a kan sefa 100?

Nura, Kusiri: Yaya Abakar gaskiya ne, a rumfarmu ma haka ake yi. Amma ni ko ba kuɗi ina so in gwada na minti biyu. Matsalata ban iya tatsuniyar ba. Kakata ta rasu ina goye, Gizo a littafin makaranta kawai na san shi.

Alhaji Ɗanjuma, Marwa: Ina amsa gaisuwar Hajiya Ladi, Allah ya ja kwana. Abin da ta faɗa game da mahaifinsu haka yake, namu ma haka yake yi. Amma ku lura, baya ya juya, bai shiga cikin yara ya miƙe ƙafa ba. Ni ina nan kan bakata a wannan. Sai dai maganar Madam ta sa ni tunani, don akwai jikana da ke kwana da waya kuma ban taɓa tambayar me ke ciki ba. Yau zan sa uwarsa ta duba.

Baban Ummi, Garwa: Jama'a na dawo. Jiya bayan magariba na je gidan Yaya kamar yadda Malam ya ce. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in faɗa. Ya yi shiru har na zaci ransa ya ɓaci. Can ya ce, ashe abin da kake ɗauke da shi ke nan? Ya ce shi ne ke riƙe da kan Baba a ranar. Ya ce ban kai bakin titi ba Baba ya cika, kuma Inna ce ta ce a aike ni da gangan don kada in ga fitar ran. Maganin ma ba a bukatarsa, tun safe an san abin da ake ciki. Shekara 31 yana zaton na sani.

Mun yi kuka mu biyu a zaurensa. Kan maganar katun dai bai sauka ba, ya ce har yanzu bai ga abin da babba zai tsinta a ciki ba, ni ma ban ja ba. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu za mu je maƙabarta tare da yaran.

Malam Isiyaku: Allahu akbar. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna in ta riga mu, ya ƙara muku zumunci.

Baban Ummi: Amin Malam. Ta rasu shekara 9 da suka wuce.

Maman Sadik: Allah ya gafarta musu. Nura, Goggo ta ce ka saurara, bayan isha'i zan ɗauki muryarta in turo maka. Ta ce ta Gizo da baure za ta fara yi maka, don gajeriya ce, kuma kada ka zana mata Ƙoƙi ba ɗankwali.

Nura, Kusiri: To Mama, ina jira. A gaya wa Goggo ta yi a hankali yadda zan iya rubutawa, kuma in akwai waƙa a ciki ta rera ta sau biyu.